Jirgin Baba a Cikin Dabinon Awali

Shekara goma ke nan da aka sa Babana, Malam Idrisu, a ƙasar maƙabartar Baƙi'a, kuma har yau idan wani ya yi mini barka cewa ya samu kwanciya a Madina, sai in ce alhamdu lillahi. Gaskiya ne, ya samu. Abin da ban taɓa iya gaya wa mai barkar ba shi ne, ba nan ya nufa ba. Yau na ce bari in rubuta, tunda waɗanda suka ga abin da idonsu sun fara ƙarewa.

Mu jikokin mahajjata ne. Kakata, mahaifiyarsa, wadda muke kira Iya, da ƙafa ta taso daga ƙasar Haɗeja, ta yi shekaru a Sudan tana tsinkar auduga, sannan ta ƙetaro Bahar Maliya cikin sambuk, jirgin katako na Larabawa, da Baba a goye. Mijinta bai ƙetare ba. A tsakiyar ruwa ya cika, aka naɗe shi, aka yi masa salla, aka saka shi a teku. Tun daga ranar Iya ba ta ƙara cin kifi ba. Burinta ɗaya ne, kuma kowa a unguwarmu ya san shi: ita da ɗanta su kwanta a Madina.

Ɗan kuwa sai Allah ya sa abincinsa a ruwa. A tashar jiragen ruwa ta Yanbu ya yi aiki, cikin ƙaramin jirgin ƙarfe mai jan manyan jirage. Kullum yakan raka masu tafiya har bakin teku, ya juyo. Da ya yi ritaya, takaud kamar yadda muke cewa a nan, mun ɗauka zai dawo ya zauna kusa da Harami. Sai ga shi ya iso da jirgi a bayan babbar mota. Na katako ne, mai tafiya da iska, wani Bature da ciwo ya kayar a Yanbu ya bar shi ya koma ƙasarsu. Baba ya ce zai gyara shi ya kewaye duniya, ya fita ta kudu ya dawo ta arewa.

Babu fili a lungunmu, don haka aka kai shi gonar dabinon amininsa, Ammu Sale, a Awali, nan gefen Madina, aka ɗora shi a kan kututture. Ni nake kai masa abincin rana, a lokacin ina da goyon ɗana na fari. Ban taɓa sabawa da ganinsa ba: ka shiga ƙofar gona, ka bi kwalbatin ruwa, sai ka ga jirgi tsaye tsakanin itatuwa, hancinsa yana kallon yamma. Da tsakar rana, iska ba ta motsa ko ganye ɗaya, amma sai ka ji katakon yana ƙara kamar ana taka shi. Gishiri yana tsattsafowa daga jikinsa fari-fari. Gonar tana warin teku, alhali teku yana can nesa bayan duwatsu. Ma'aikatan Ammu Sale suka daina hutawa a wannan gefen.

Baba ya kankare shi tun daga hanci har gindi, ya cusa auduga a tsagogi, ya bi da kwalta, ya shafa fenti. Ƙyallen iskar, shira'i, ni da shi muka ɗinka, shimfiɗe a ƙasa, fari fat. Ya danna dabino a gwangwanaye, ya busar da lemun tsami, ya jera durom ɗin ruwa. Idan ya gaji sai ya kwanta a ciki. Wata rana na leƙa na same shi a miƙe, hannu a ƙirji, cikin wannan ƙuntataccen wuri, sai da na kira shi da ƙarfi. Ya buɗe ido yana dariya, ya ce, “Uwata, gwaji nake yi, kar ki zubar mini da miya.” Sunan Iya aka sa mini, shi ya sa yake kirana haka.

Iya ba ta taɓa zuwa gonar ba. Da aikin ya ƙare ta ce masa, “Na ƙwato ka daga bakin teku, kai kuma ka ce sai ka mayar masa da kanka. To, in tafiya za ka yi, yi ta yadda mutanenmu suka yi.”

Yadda mutanenmu suka yi kuwa shi ne, mai doguwar tafiya yakan bar gida kamar wanda ba zai dawo ba. Ya bi gida-gida neman gafara, ya rabar da tufafinsa, a raka shi bayan gari, masu rakiya su juyo ba waiwaye. Daga nan shi matafiyi ne, ba a yi masa sannu da zuwa sai ya je inda ya nufa. Haka aka yi wa Iya a ƙauyensu. Ina jin ta zaci nauyin abin zai karya masa gwiwa. Bai karya ba. Ya bi ƙofa-ƙofa, ya rabar da rigunansa har da ta Juma'a, jama'a suka raka shi da jirginsa zuwa Bi'ir Ali, aka yi addu'a kusa da motocin masu ɗaura harami, aka juyo ana kuka.

Bai rufa mako ba sai ga shi a ƙofar gida. Duk rayuwarsa a jirgin ƙarfe ya yi ta, bai lura da abin da zafin Madina ke yi wa katako ba. Jirgin ya bushe a gona, allunansa sun tsuke, da aka sa shi a ruwa sai ya dinga sha ta ko'ina. Masunta suka ce a bar shi a ɗaure a wuri mara zurfi har katakon ya kumbura ya haɗe, ba su kuma san yaushe ba. Baba ya dawo jira.

Wannan zaman shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai. Ba wanda ya ƙi shi, wallahi. Amma mutane sun riga sun yafe masa, sun yi kukansu, ba su san yadda za su yi da shi ba. Idan ya yi sallama sai a amsa, don wajibi ne, amma ido a ƙasa. A masallacin unguwa wani ya zauna a gurbinsa, bai ce a tashi ba. Aka yi suna a maƙwabta ba a gaya masa ba. Yakan fita cikin rigar aro ta mijina, ya dawo ya ce mini, “Yau na ga rigata ta Juma'a tana cinikin tumatir. Ta fi ni iya tayi.” Ni in yi dariya, tsikar jikina tana tashi.

Iya kuwa ba ta ƙara yi masa magana kai tsaye ba. Yana zaune a gabanta za ta ce da ni, “Takwara, gaya wa matafiyin nan abinci yana hucewa.” Bayan kowace salla kuma ta ɗaga murya yadda zai ji: “Ya Allah, Baƙi'a, ni da abin da na haifa.” Shi kuma daga tabarmarsa ya ce, “Amin, bayan na dawo.” Ni ina tsakani, na rasa wa zan taya. Na taɓa tambayarsa abin da yake nema a ruwan. Ya ce, “Kowa yana da kabarin uba da zai tsaya a kai. Ni nawa sai da jirgi ake zuwa.”

Ya koma yini a gonar, a filin da jirgin ya bari, inda ciyawa ta ƙi fitowa. A can Ammu Sale ya same shi wata la'asar, jingine da kututture, fuskarsa yamma, ya riga ya yi sanyi. Ba ciwo, ba komai. Aka kawo shi gida. Iya ta rarrafo, ta yaye mayafin, ta dube shi tsawon lokaci, ta ce, “Sannu da zuwa, Idrisu.” Ɗan farinta ne, ban taɓa jin sunansa a bakinta ba sai ranar. Aka yi masa salla a Harami, aka kai shi Baƙi'a. Kafin shekara ta juyo ita ma ta bi shi.

Muna cikin zaman makokin Baba wani masunci ya iso daga Yanbu, bai san an yi rasuwa ba. Ya zo ne ya tambayi Baba ko shi ya aika a ɗauki jirgin. Katakon ya haɗe, ya daina shan ruwa, sai aka wayi gari babu shi, igiyar tana nan a turke. Aka nema har wajen tsibirai, ba a ga ko allo ɗaya ba. Wataƙila ɓarayi ne, wataƙila iska ce ta kwance ɗaurin. Allah shi ya sani, ni ba na ƙari a kan abin da aka gaya mini.

Nakan yi tunanin abin da zai ce da ya ga yau. Gonar Ammu Sale an sare rabinta an yi gidaje. Yanbu ta cika da matatun mai, mijina ya kai ni na ga harshen wuta yana ci a sama da rana tsaka, na ga jirage kowanne ya fi unguwarmu tsawo. Gaɓar da aka ɗaure jirginsa an zuba mata siminti. 'Ya'yana ina yi musu Hausa suna amsa mini da Larabci, kuma su labarin kakansu abin dariya ne, tsohon da ya yi jirgi a gona. Ina jin shi ma zai taya su dariyar, sannan ya tambayi ina iska ta nufa.

Bai bar dukiya ba, ko riga bai bari ba. Abin da ya bari shi ne, tun daga kansa ba a ƙara yi wa kowa irin wannan ban kwana a unguwarmu ba. Ba wanda ya hana, hannun kowa ne ya yi sanyi. Mu mata ba ma shiga Baƙi'a, a bakin katanga nake tsayawa in yi masa sallama, ban san wane tudu ne nasa ba. Nakan gode wa Allah da ya amsa addu'ar Iya. Sannan in yi wa kakana tawa addu'ar, wanda ban taɓa gani ba, tunda mai zuwa ya tsaya a kansa bai samu zuwa ba. Allah ya jiƙan na ƙasa, ya jiƙan na ruwa, ya haɗa su inda babu mai jiran wani.