Ranar da Muka Ɗauki Karyar Baba Zuwa Khaibar

Ni dai babu irin kayan da ban ɗauka a mota ba. Na ja shanu a Cadi, na ja auduga da tumaki a Sudan, na ja alhazai daga Jidda, waɗanda wasunsu sun fi shanun wuyar lodi, Allah ya yafe mini. Amma kare sau ɗaya na taɓa ɗauka, kuma har yau in na tuna sai abinci ya fita raina.

Lokacin ina tuƙa wanet, wato a-kori-kura, ta wani Balarabe mai gonar dabino a Awali, a gefen Madina. Shi ne kafilina, sunansa ne a kan takardar zamana. Mai gadin gonar wani tsoho ne ɗan Damagaram, wanda ya zo hajji tun yana saurayi bai koma ba. Baba nake ce masa. Shi kuwa Bakano yake kirana, yana cewa ko dabinon da ya faɗo ƙasa na gani sai na tambayi farashinsa. Ba mata, ba ɗa. Abin da ya mallaka buta ce, da rediyo mai shan mari kafin ta yi magana, da wata farar karya siririya mai dogayen ƙafafu da ya tsinta tana kwikwiya a bakin rijiyar gona.

In an tambaye shi sai ya ce ta gadi ce, shari'a ta yarda. Gadin me? Karyar da in baƙo ya yi sallama take ɓuya a bayan Baba. Na sha ce masa, "Baba, wai kai ke gadinta ko ita ke gadinka?" Sai ya ce, "Mu biyun gadinka muke, kada ka sayar da gonar."

Ashe mai gonar ne zai sayar. Shekarun nan ne da gari ya fara cin gonaki, ana sare dabino ana kafa benaye. Aka ce za a mayar da Baba gadin wani bene kusa da Harami, inda ko inuwar kare ba ta gilmawa. In kuma aka bar ta a kango, an san ƙarshenta, don a lokacin ana ajiye wa karnukan da ba su da mai su nama mai guba. Baba ya yi ta aika saƙo har wani ɗan garinsu da ke aikin gona a Khaibar ya ce a kawo ta.

Kafili ya ba da mota, amma da sharaɗi: sai na kai dabino kasuwa tukuna, sannan kare a baya, kada ya taɓa kujera. Mu da muka tashi a kan Malikiyya ba mu ɗauki jikin kare najasa ba, ƙwaryar da ya sha kawai ake wankewa. Su nan kuwa ko gashinsa ba sa so a tufafin salla. Mota tasa ce. Muka ce to.

Shi ya sa ba mu tashi da asuba ba sai da hantsi ya dubi ludayi, ga bazara, lokacin da ƙarfen mota ke iya gasa gurasa.

Baba dai ya yi shiri, ba zan ci haƙƙinsa ba. Bai ba ta abinci da safe ba don kada ta yi amai. Ya shimfiɗa ganyen dabino a ƙasan wanet, ya ɗora buhunan algarara da ya jiƙa sharkaf. Igiya kuma bai sa mata a wuya ba, a ƙirji ya ɗaura ta hammata, gajeriya yadda ba za ta iya tsalle ba. Ga kwanon ruwa, ga jarka cike. Na ce, "Baba, ko amaryar sarkin Damagaram ba a yi mata wannan ba." Ya ce, "Tuƙa, ɗan kasuwa."

Muddin muna tafiya lafiya lau take. Iska na bugun jiƙaƙƙun buhunan, ita kuma ta miƙa hanci sama, kunnuwa na kaɗawa. Baba ya juya baya yana kallonta ta gilashi, har na ce wuyansa zai maƙale a haka mu kai shi asibiti a juye.

Azahar ta same mu wajen wani ɗan masallaci a gefen hanya, da rumfar mai shayi kusa da shi. Ba bishiya ko ɗaya. Inuwar da ke wurin ta bangon masallaci ce, nan kuma mutane ke alwala. Baba ya ce in wuce can nesa. Sannan ya jawo tamfol ya rufe bayan motar ruf, ya ɗaure kusurwa huɗu. Ya ce ta samu inuwa, kuma kada wani ya leƙo ya ce takari sun kawo kare masallaci. Takari, haka suke kiranmu mu baƙaƙen yamma. Na ce a raina raka'a huɗu ce, minti nawa za ta ci.

Muna sallamewa wani dattijon Balarabe ya riƙe hannun Baba. An yi masa haihuwa, ya yi yanka, kuma ya ji daga Madina muke. "Maƙwabtan Annabi su wuce ƙofata da yunwa? Wallahi sai kun ci!" Ya rantse, a gaban jama'a. Wanda ya zauna a ƙasar nan ya san ba a karya wa dattijo rantsuwa.

Aka kai mu wani ɗaki bayan rumfar, aka zaunar da Baba kusa da mai gida. Aka fara da gahawa da dabino. Shinkafar ba ta nuna ba. Aka sake zagayowa da gahawa. Ina kallon Baba, gumi na bin gemunsa, yana murmushi yana amsa gaisuwa.

Na raɗa masa, "Baba, bari in je in duba."

Ya ce ƙasa-ƙasa, "In an tambaye ka ina za ka, ka ce me? Kare? Ana shirin kawo abinci?"

"In ce ruwa zan zuba wa mota."

"Ga tire nan an ɗauko. Zauna."

Na zauna. Wannan zaman nawa ne, ban ɗora wa kowa ba. Muka ci kabsa, wato shinkafarsu da nama, muka wanke hannu, aka kawo shayi, aka kawo turaren wuta, aka yi wa jariri addu'a. Baba aka ce ya yi, don furfurarsa. Ya yi ta a gajarce, muryarsa na rawa, suka ɗauka tsoron Allah ne.

Da na kwance tamfol ɗin, zafin da ya bugi fuskata kamar an buɗe tanderu. Buhunan sun bushe ƙayau. Kwanon ya kife. Tana kwance a gefe ɗaya, harshe waje ya yi duhu, haƙarƙari na hawa da sauka da sauri. Ta ga Baba amma ba ta ɗaga kai ba.

Ya juye mata rabin jarkar, ya kwance rawaninsa ya jiƙa ya naɗe ta, ya sungume ta ya shiga gaba ya ɗora a cinya. Bai tambaye ni ba, ni ma ban ambaci kafili ba. Na sauke gilasai duka na taka mota iya ƙarfinta. Yana ɗiga mata ruwa da yatsa a baki, yana yi mata magana da Hausarsu ta can, irin wadda ban taɓa jin ya yi da mutum ba.

Mun shiga cikin baƙaƙen duwatsun nan na kusa da Khaibar sai ya ce, "Daina wahal da motar mutane." Na duba. Hannunsa na kan ƙirjinta, ƙirjin ba ya motsi.

Muka ƙarasa, don ba mu san inda za mu juya ba. Ɗan garin nasu ya fito da murna. Har ya kafa mata 'yar rumfa a gindin dabino, ya yanke rabin durom ya cika da ruwa. Ya ga abin da ke hannun Baba, ya koma ciki ya ɗauko shebur. Ƙasar ta yi tauri, ramin bai yi zurfi ba, sai muka jera duwatsu a kai.

A hanyar dawowa mun wuce masallacin nan ba wanda ya waiwaya. Sai da fitilun Madina suka fara bayyana, gab da magariba, ya yi magana, idonsa na kan hanya.

"Kai da ka yi yawon duniya da dabbobi, ba ka taɓa ganin abin da tamfol ke yi musu a rana ba?"

Na gani. Tumaki na taɓa saukewa a hanyar Bur Sudan, matattu, daga ƙarƙashin tamfol irin wannan.

Na ce, "Ban taɓa gani ba, Baba."

Ya gyaɗa kai, ya ninke rawanin a cinyarsa.