Ƙwai na Biyu a Teburin Baba

Har gobe ina jin haushin 'yar tsohon nan, kuma ba zan ɓoye ba. Da ta buɗe baki ta yi min bayani tun ranar farko, da ban tafka abin da na tafka a unguwar Plumstead, can ƙasar Turawa, ba, abin da ba zai bar raina ba har a rufe ni da ƙasa.

Lokacin ina aikin care, wato kula da tsofaffi a gidajensu, da yamma kuma ina ajin manya ina koyon karatu da furfurata. Aka haɗa ni da wani tsohon Bature da ya haura casa'in, shi kaɗai a flat. Ina ce masa Baba, shi yana ce min Saja, wai muryata ta fi ta sajan da ya horar da su a soja. Umarni ɗaya 'yarsa ta ba ni: kullum da safe a soya ƙwai biyu, kowanne a farantinsa. Ta saɓi jaka ta yi gaba.

Sai ya ci ɗaya, ya tura ɗayan gaban kujerar da ba kowa, ya zuba masa ido har ya huce, sannan ya ce a kai bin, wato kwandon shara. Ni da na tashi a gidan da ba a ba yaro ƙwai, wai kada ya koyi sata! Na ce wallahi ba da hannuna za a yi almubazzaranci ba. Ina shiga kicin sai in lamushe shi a tsaye, in buga murfin bin don ya ji ƙara. Har kumatu na yi. Da likita ya ce in rage maiƙo, nan take na tuna tarbiyya, na yanke hukunci daga yau ƙwai ɗaya za a soya.

Da safe Baba ya dubi teburin, ya ga faranti ɗaya, ya ajiye cokali. Bai ci ba. Da rana ma ya ƙi, washegari haka, sai shayi. Maganinsa kuwa ba a shansa da wofin ciki. Na ɗauka rikicin tsufa ne, na ce mu zuba mu gani. Sai da na ga ya kasa riƙe kofi na san abin ya wuce wasa, amma bakina bai mutu ba.

"Baba, kashe kanka za ka yi a kan ƙwai? Wa kake ajiye wa, aljani?"

"Zauna, Saja," in ji shi.

Ya ce a yaƙin duniya na biyu yana yaro matashi, a wutsiyar jirgin da ke zuba bam yake zama da bindiga, cikin wani ɗan keji na gilashi, bayansa ga inda aka nufa. Sanyi har numfashi na daskarewa. Yana kallon jiragen abokansa suna kama wuta suna faɗuwa, yana ƙirga ko akwai lemar dirowa daga jirgi da za ta buɗe. Ƙwai ya yi wuya a lokacin, amma duk wanda ya dawo da rai ana soya masa ɗaya. Har wasa suke da shi: in ba ka dawo ba, ƙwanka nawa ne.

"Rannan kunnena ya yi ciwo, aka hana ni tashi. Aka sa abokina a kujerata. Na yi masa wasan, ya yi dariya. Da safe ba jirgin, ba labarinsu, har yau. Mai dafa abinci ya turo min farantinsa." Ya kalle ni. "Yunwa nake ji. Na ci."

Bakina da ba shi da linzami ya ce, "To mutanen da kuka zuba wa wuta a ƙasa fa?"

"Na wutsiya shi ne na ƙarshen ganin garin yana ci," in ji shi. "Su ba ni da farantin da zai ishe su."

Na ce, "Baba, ƙwan abokinka fa ba ya zuwa bin. Wata da watanni a cikina yake kwana."

Ya ƙura min ido, sai dariya ta ƙwace masa har da tari. "Na sani. Ba a buga murfin bin da baki cike." Ashe ni kaɗai nake ganin wayona.

Na gyara zama na kawo shawara irin tamu, cewa abincin mamaci mai yunwa ake ba, sadaka. Ya girgiza kai. "Nasa ne. In kin sace, tsakaninku. Amma a ajiye masa tukuna."

Abin da na koya, wanda ba a koya mana a aji ba, shi ne in ka ga mutum na yin abin da ya yi maka kama da hauka, tambaye shi kafin ka ɗauko gyara. Ni gyaran na fara ɗaukowa, saura ƙiris in aika tsoho lahira.

Washegari da safe na ɗora kasko, na jera faranti biyu, na leƙo daga kicin da ƙwai a hannu.

"Baba, shi abokin naka yaya yake so, ya soyu sosai ko da ruwa-ruwa?"

Ya dubi kujerar da ba kowa. Sannan ya ce, "Da ruwa-ruwa," ya jawo cokalinsa.