Na Ce A Yi

Jirgin ƙasa bai daɗe da fara zuwa Kano ba na soma kai fatu Ikko. A tafiyata ta uku na yi abin da bai kamaci mai aure ba. Na dawo gidanmu a Dukawuya da zafin fitsari da ɗan farin ruwa a wando. Na lallaɓa wurin tsohon wanzamin unguwarmu, ya ce ciwon sanyi ne, ya ba ni sassaƙe da jar kanwa. Kwana bakwai zafin ya ɗauke. Na ɗauka na warke, na koma ɗakin matata.

Bayan 'yan watanni ta fara ciwon mara. In na kusance ta sai ta ciji leɓe. Shekara uku ko ɓatan wata ba ta yi ba. Innata ta ce gishiri ne ya tsiro mata ya tare hanyar haihuwa, a kira wanzami ya yanke.

Wanzamin nan aka kira. Da ya duba ta, sai ya tsayar da ni a zaure, zabirarsa a kafaɗa, ya rage murya.

"Malam, ka tuna abin da ka taɓa kawo mini? Ni ban ga alamar gishiri ba ne. A yi?"

Daga cikin gida Inna ta ɗaga murya: "Me kuke ƙusƙus kamar masu cinikin jaki? Ruwan zafi zai huce!"

Na sunkuyar da kai, na ce, "A yi, Baba."

Ihu ɗaya na ji. Aska ta zarce. Tun daga ranar fitsari bai ƙara tsaya mata ba. Ta daina zuwa biki da suna, kullum tana bakin rijiya da wankin zannuwa. Ita da kanta ta roƙi a bar ta ta koma gidan mahaifinta a Mandawari, wai kada wari ya dame mu. Na bar ta ta tafi, har na ji sauƙi a raina. Allah Ya gani.

Sai da furfura ta fito mini wani malamin asibiti ya gaya mini akwai irin sanyin da yake lafawa a jikin namiji bai mutu ba, ya shiga mace ba alama, ya toshe mata mahaifa. Ban yi mamaki ba. Na sani tun a zaure.

Da aka ce matata ba ta da lafiya na tafi Mandawari da niyyar gaya mata gaskiya. Ƙanwarta ta turara ɗakin saboda zuwana. Na same ta kwance, ta rame ƙwarai. Kafin in buɗe baki ta riga ni.

"Malam, ka yafe mini. Ban ba ka ɗa ba."

Na ce, "Na yafe."

Ta rasu kafin azumi. Ni ban roƙe ta gafara ba.