Wandon da ya hana Nura tsugunawa

"Malam, wanne zan sa?"

Nura ne, tsohon ɗalibina, riƙe da matsattsen wandon jins na yayi, ɗaya hannun kuma kaftani da hula. Ran nan zai fara zuwa gaida mahaifin budurwarsa a Toranke.

Na ce, "Sa jins ɗin. To, ɗauka ni ne Baban yarinyar, tsuguna ka gaishe ni."

Ya sa wandon, ya sauka rabi ya maƙale.

"Malam, wallahi ba ya zuwa!"

Muka sha dariya, ya sa kaftaninsa ya hau babur. Bayan la'asar ya kira ni, wai Baba ya ce ya turo magabatansa.

Samari, ku yi yayinku, amma ku gwada tsugunawa kafin ku fita. Waye wandonsa ya taɓa ba shi kunya?