Katakon Da Na Liƙe Ya Hana Mahaifiyata Arfa

Assalamu alaikum. Don Allah a buga wannan, amma a sakaya sunana. A shekarun da aka gama yaƙin duniya ni kafinta ne a unguwar Misfala da ke Makka, saurayi mai ji da kansa. Ƙofofi da tagogi nake yi wa gidajen saukar alhazai, kuma ba yabon kai ba, hannuna yana da kyau, har daga unguwar Jarwal akan aiko a kira ni. Yabon nan shi ya kumbura mini kai. Ko me aka kawo mini, in dai katako ne, bakina ba ya iya furta ban iya ba, sai dai in ce a ajiye a dawo jibi.

Lokacin shekarata tara rabona da mahaifiyata, tun da na baro ta a ƙauyenmu na ƙasar Kano. Kwatsam sai ga saƙo wai Inna ta iso Sawakin, tashar jiragen ruwa a gaɓar Sudan. Ashe ta daɗe a hanya, a ƙafa, tana yada zango a Sudan tana tsinkar auduga don ta haɗa guzuri. Teku kaɗai ta rage tsakaninta da ɗakin Allah, ga aikin Hajji ya matso. Akwai wani Basakkwace da na sani mai jirgin ruwa, irin mai tafiya da iska, yana ƙetaro da mutanenmu. Na garzaya Jidda don in damƙa masa amanarta.

Da na isa sai na tarar an jawo jirgin gaɓa. Sun ciro faffaɗan katakon nan na baya da ake juya akalar jirgi da shi, wanda masu teku ke kira sukkan, sun kwantar a kan yashi. Ya daki dutse a ƙarƙashin ruwa ya tsage tun daga inda ƙarfe ke riƙe shi. Wani tsoho mai sassaƙa jirage ya duba, ya ce ba ya gyaruwa, sabo za a yi, kuma sai an jira katakon da ya dace ya zo. Na lissafa kwanakin, na ga ba za su kai mu ba. Na yi dariya na ce wannan 'yar tsagar kafin la'asar na gama da ita. Tsohon ya kalle ni sama da ƙasa, ya tambayi sana'ata, da aka gaya masa sai ya ce in koma wa ƙofofina, ita ƙofa ba ta kwana cikin ruwan gishiri. A gaban mutane fa! Raina ya ɓaci. Na ja mai jirgin gefe na ce masa da Hausa, tsohon nan raina mu yake yi don yana ganin mu baƙi ne. Shi kuma ya ce ai ni nasa ne, ba zan cuce shi ba, balle uwata ce za ta hau.

Yadda nake yi wa tsagaggiyar ƙofa haka na yi masa. Na dafa gam, na kwaɓa da garin katako, na cusa a tsagar. Na kawo fallen katako biyu na ɗora gaba da baya, na buga ƙusoshin ƙofa, na goge, na shafe da mai. Ko kai ne ba ka ce ya taɓa tsagewa ba. Tsohon ya kwashe kayan aikinsa ya tafi. Amma wallahi sanda nake buga ƙusa ta ƙarshe na ji katakon ya amsa da wata irin ƙara, irin ta abin da ya ruɓe a ciki. Na ji da kunnena, na san ma'anarta, na ƙara shafa mai a wurin.

Jirgin ya ƙetara lafiya. A dawowa, da kaya da mutane, gam ya riga ya jiƙe ya narke, katakon ya kumbura ya tofar da ƙusoshin. Iska ta taso da rana tsaka, sukkan ya rabe biyu, igiyar ruwa ta tafi da rabi. Kwana da kwanaki suna yawo inda iska ta ga dama, ruwan sha ya ƙare, sai da ƙyar suka faɗa wata gaɓa can kudu mai nisa. Daga nan suka tako a ƙafa. Inna ta shigo Makka alhazai suna jifa a Mina. Kwana biyu kacal tsakaninta da Arfa.

Ta iso leɓɓanta a farfashe, ƙafafu a kumbure, ba ta ƙara miƙewa sosai ba. Na ce mata ta yi haƙuri, baɗi na nan. Ta ce ita ta san jikinta. Kullum in na kawo mata abinci sai ta sa mini albarka, tana gaya wa maƙwabta ɗanta ne ya aika jirgi takanas ya ɗauko ta. Sannan ta juya ta ce a jirgin ta ji ma'aikata suna cewa wani mugu ne ya liƙe katakon ya rufe da mai, to ko wane ne, Allah ya isa tsakaninta da shi, ba ta yafe ba har gaban Allah. Mai jirgin ya zo gaishe ta wata rana, ta maimaita a gabansa. Ya ɗago ya dube ni, ya jira in yi magana. Na sunkuyar da kai ina gyara mata matashi. Ya tashi ya fita, bai ƙara amsa sallamata ba har ya bar duniya.

Ta rasu cikin watan Rajab, Hajji bai zagayo ba. Sau nawa na buɗe baki in gaya mata, sai tsoron kallon da za ta yi mini ya rufe shi. Na yi mata Hajji ba sau ɗaya ba, na yi sadaka, na yi kuka a Arfa har na gaji, amma zuciyata ba ta taɓa sanyi ba, kuma har yau ina jin haushin kaina.

Ku masu sana'ar hannu, in an kawo muku abin da ba ku sani ba, ku ce ba ku sani ba, ko da za a yi muku dariya a gaban jama'a. In wanda ya fi ku sani ya yi muku gyara da baƙar magana, ku haɗiye maganar ku ɗauki gyaran. In kuwa kun riga kun yi ɓarnar, ku faɗa tun wanda kuka cuta yana da ran da zai yafe muku. Ni na tsufa yanzu, kabarinta ba nisa da gidana, kuma ban san da wanne zan tarar da ita ba, albarkar ko Allah ya isan.