Malamin Doka a Bakin Ciyawa

Tana zaune kan benci a harabar jami'a tana jiran 'yarta, idonta na kan wani dogon dattijo mai tabarau a karan hanci, alli duk ya ɓata masa aljihu. Shi ke koyar da Doka da Al'umma, haka ta ji ɗalibai na faɗa. Yana tsaye gaban allon da ya hana taka ciyawa, yana hararar 'yar hanyar da ƙafafu suka fitar a tsakiyarta har ƙofar aji. Irin mutumin nan ne, in ji zuciyarta, da ko takalman jikokinsa sai ya jera su a layi.

Ya duba agogo. Ya makara, hanyar siminti kuwa sai ta zagaye ginin kaf. Ya waiga dama da hagu, ya tattare rigarsa, ya hau ciyawar yana sanɗa kamar kada ta farka.

"Malam, dokar fa?" wata ɗaliba ta ƙwala masa daga taga. Aji ya kwashe da dariya.

Ko gezau bai yi ba. "Doka mun gama ta makon jiya, 'yata. Yau al'umma za mu yi."