Uwar Maƙerar da Na Aro

Ina shekara ta tara da fara aiki a wani ɗan gidan adana kayan tarihi a Gusau lokacin da na haɗu da wata Hajiya a wajen taro. Ita ke riƙe da irin wannan gida a wata jiha, sai dai nasu ya fi namu girma da kaya. Na yi mata kukan cewa sai mu wuni ba wanda ya leƙo mu. Ta ce, "To Malam, in mutane ba su zo ba, ku kai musu mana."

Daga nan maganar ta samo asali. Muka shirya su kawo tsofaffin riguna da kayan saƙa, mu kuma mu tara na noma da na ƙira. A fara bajewa a Gusau, a kai Bunguɗu, a kai Tsafe, sannan a kwashe gaba ɗaya zuwa garinsu. Aka rubuta yarjejeniya, shugabanninmu suka sa hannu. Ban taɓa jin aikina yana da amfani kamar a wannan makon ba.

Kayanmu ba su taka kara sun karya ba, don haka na shiga ƙauyuka neman aro. A wani ƙauye can bayan Karakkai aka nuna mini wani tsohon maƙeri da idonsa ya fara rauni. Yana da uwar maƙera, ƙarfen nan da ake ɗora aiki a kai a buga, wadda ya gada tun daga kakansa. Samanta duk ya lotsa saboda duka. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi abin da ke tafe da ni.

"Mi za ku yi da ita?" in ji shi.

Na ce, "Baba, mutane za su gani. 'Yan makarantar Bunguɗu da na Tsafe, har da na wata jiha."

Ya yi dariya har da tari. "Ni ban taɓa wuce Gusau ba, ita za ta wuce?"

Ya yarda, amma da sharaɗi in maido masa kafin ruwa ya sauka, don lokacin ne manoma ke kawo gyaran galma. Na yi alkawari. Sai da mutum uku suka kama kafin ta shiga mota.

Ana saura mako biyu a fara bajewar, hanya ta ƙara lalacewa. Kullum sai an ji an tare motoci. Hajiya ta kira ni, muryarta a sanyaye. "Malam, ba kayan nake ji ba. Mutanen da za su rako su nake ji. Direbanmu ya ce ko za a kore shi ba zai zo ba." Ban ga laifinsa ba, don ni kaina na daina bin hanyar.

Muka ɗaga zuwa bayan Sallah, muka sake ɗagawa zuwa kaka. Ɗakin taron da aka ba mu a Tsafe, na ji 'yan gudun hijira sun cika shi. Shugaban makarantar da zai karɓe mu a Bunguɗu ya ce ba zai sanar da ranar tara yara a wuri guda ba, ko don mene ne. Ana cikin haka Hajiya ta yi ritaya. Wanda ya gaje ta mutumin kirki ne, amma bai san da maganar ba. Ya ce in rubuto sabuwar takarda, za su duba in abubuwa sun lafa.

Damina ta zo ta wuce ban mayar da uwar maƙera ba. Tsoro ne ya hana ni, ba wani abu ba.

Wata ranar Talata da hantsi sai ga tsohon a ƙofarmu, ɗiyarsa na riƙe da sandarsa. Sun taso daga ƙauye, suna zaune a wani kango a bayan gari. Na kai shi inda uwar maƙerar take, ya tsuguna yana shafa ta.

"Ta je Tsafen?"

"Ba ta je ba, Baba."

"Bunguɗun fa?"

Na ce can ma ba ta je ba. Ya ce, "To mutum nawa sunka gan ta?"

Na rasa ƙaryar da zan yi masa. Na ce ni ne da mai gadi da mai shara. Na roƙi gafararsa, na ce zan nemo mota a kai masa yau ɗin nan.

"A kai min ina?" ya ce. "Bar ta nan. Ku kuna da ƙofa."

Na raka su bakin titi. Muna jiran abin hawa ɗiyar ta matso, ta rage murya, ta tambaye ni ko na san gidan da ke neman mai wanki ko daka. Na ce zan bincika. Ban san kowa ba.